Potosi, Birnin da Ya Cinye Ƙauyuka

Duk wanda ya isa Potosi a ƙasar Boliviya, numfashinsa ne zai fara gaya masa inda ya zo. Garin yana kan tsauni mai tsawon kusan mita 4,000, ga sanyi, ga ƙarancin iska, ga ƙasar ba ta noman kirki. Amma a farkon ƙarni na 17 an ƙiyasta mutanensa sun kai 160,000, yana cikin manyan biranen duniya na zamanin. Abin da ya tara su yana nan tsaye a bayan gari, wato dutsen Cerro Rico, inda aka gano azurfa a 1545.

Na bi tsohon garin da ƙafa, na ga har yau tsarin Turawan Sifaniya bai goge ba. A tsakiya akwai dandali da babban coci da gidajen hukuma. Sai wata magudanar ruwa, Ribera, wadda aka jawo daga madatsun Kari Kari don juya injinan niƙa dutse. Ita ce ta raba garin biyu: Turawa a wannan gefe, 'yan ƙasa a wancan, can gindin dutse, kowace unguwa da cocinta.

Waɗannan unguwanni ba haihuwa ce ta cika su ba. A shekarun 1570, Francisco de Toledo, wakilin sarkin Sifaniya a Peru, ya sa aka tattaro mazauna ƙauyukan tsaunukan Andes zuwa sababbin garuruwa masu miƙaƙƙun tituna, don a ji daɗin ƙirga su da karɓar haraji. Daga nan ya ɗora musu aikin tilas da ake kira mita: kowace shekara, namiji ɗaya cikin bakwai daga larduna 16 zai taho haƙar azurfa. Wanda ya ji labarin diban gwamna zuwa kuzar Jos zai gane. Maza sukan taho da mata da yara da dabbobi. Wasu ramin ya ci su, wasu suka zauna aikin lada, wasu suka gudu daga garuruwansu don kada layi ya zo kansu. Cunkoson sababbin garuruwan kuma ya sauƙaƙa wa agana da ƙyanda yaɗuwa. Birni yana kumbura, karkara tana ramewa.

Da azurfa ta ja baya, jama'a suka watse. Zuwa 1825 mutanen Potosi ba su wuce kimanin 9,000 ba. Yau garin ya sake cika, kuma har yanzu ƙungiyoyin masu haƙa suna shiga dutsen kullum, ganyen koka a kumatu, suna neman kuza da tutiya da ragowar azurfa.