Ramuka Uku Ko Huɗu A Gefen Mota

Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsohuwar mota ƙirar Buick ta Amurka, zai lura da wasu ƙananan ramuka masu bakin ƙarfe mai ƙyalli da aka jera a gefenta, daga saman tayar gaba. Kamfanin ya raɗa musu suna VentiPorts, kuma sun fara fitowa ne a motocin shekarar 1949. Ni dai tun ina kwalejin horon malamai suke burge ni, ba don komai ba sai don kusan ba su da wani aiki, amma sun daɗe fiye da abubuwa da dama masu aiki.

Asalinsu wasa ne. Wani mai zana fasalin motoci a kamfanin, Ned Nickles, shi ya huda gefen motarsa Roadmaster ta 1948, ya sanya 'yan fitilu masu ruwan ɗorawa a ciki, ya haɗa su da wayar da ke kai wuta ga fulogi. Idan inji na aiki sai su riƙa walƙiya bi da bi, kamar wutar da ke fita daga salansar jirgin saman yaƙi. Lokacin kuwa ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, jiragen nan na cikin zukatan mutane. Da shugaban Buick, Harlow Curtice, ya gani sai abin ya ba shi sha'awa, ya ce a sa wa motocin kasuwa, amma ban da fitilun.

Kamfanin ya ce ramukan na fitar da zafin inji. A farkon 1949 an haɗa su da ɗakin injin, daga baya aka toshe su, suka zama ado zalla. To, a nan ne ainihin aikinsu ya bayyana. Roadmaster, wadda ta fi tsada da girman inji, tana da huɗu a kowane gefe, Super kuma uku, alhali kuwa dukansu silinda takwas gare su. Wato maƙwabci ba ya bukatar ya tambaye ka nawa ka saya, ƙirga ramuka kawai zai yi daga ƙofar gidansa.

Wannan bai kamata ya zame wa Bahaushe baƙon abu ba. Babbar riga mai aska biyu da mai aska takwas duk jiki ɗaya suke rufewa, amma dattijo na hango mai ita ya san wadda ta ci zare da watannin maɗinki. Haka tsage yake. Kakanninmu da suka zo fatauci ƙasar nan suka zauna, da shi suke gane mutumin garinsu a kasuwa tun kafin a yi sallama.

Buick ta cire ramukan a 1958 da 1959, ta mayar da su a 1960. Bayan an sake barinsu na tsawon shekaru, sai ga su a Park Avenue Ultra ta 2003. A Lucerne ta 2006 kuwa aka sake musu ma'ana: uku a kowane gefe ga mai silinda shida, huɗu ga mai takwas. A ganina wannan lissafin ya fi na da gaskiya, ko da yake bai kai shi daɗi ba.

Abin da ke damuna yana kusa da gida. Yau ana sayar da na roba masu gam a baya a shagunan kayan mota, kuma na ga tasi ƙarama mai silinda huɗu ɗauke da biyar a gefe guda, an manna su a karkace. Ban ga laifin direban ba, kuɗinsa ne, kuma kwalliya ba zunubi ba ce. Sai dai shi da fasinjansa babu mai ƙirgawa, don ba wanda ya gaya musu cewa adadin yana magana.

Irin haka nake gani a ajina. Ranar Sallah yaranmu na sa babbar riga, suna kyau ƙwarai, amma da na kawo rigar mahaifina makaranta na tambayi sunan aikin da ke ƙirjinta, yarinya ɗaya ce tak ta ce aska takwas, ita ma don kakanta maɗinki ne. Sauran suka ce zane ne kawai. Na sa su ƙirga askar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce kowa ya je gida ya tambayo sunan aikin da ke rigar babansa kafin ranar Litinin.