Ziyararmu Marinar Ƙofar Mata: Inda Muka Gano Abin Da Ya Ɓata Mana Rini

Daga wasu ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare, Wudil

A farkon zangon karatu na ɗaya, malamin kimiyya da malamar zane suka shigo ajinmu tare, abin da ba su taɓa yi ba. Suka ce a wannan karon aiki ɗaya za su ba mu. Kowane rukuni zai zaɓi abin da zai nuna ranar baje kolin makaranta, amma dole a ga kimiyya a cikinsa, a kuma ga zane, domin makin da aka samu shi za a rubuta a darussan biyu. Wani rukuni ya ɗauki tace ruwa da yashi da gawayi, wani ya ce zai ƙera gadar Wudil da karan dawa. Mu goma sha biyu muka zaɓi rini, saboda a tunaninmu ya fi kowane aiki sauƙi.

Kowa ya kawo Naira 500, muka sayi farin yadi uku. Muka tsinko ganyen baba a bayan gari, muka daka, muka zuba a baho muka cika da ruwa, muka tsoma rabin yadin ya kwana a ciki. Da safe ya fito da wani launi mai kama da ruwan kwata. Da muka ɗauraye shi, launin ma ya bi ruwa, sai dabbare-dabbare. 'Yan rukunin gada suka yi ta yi mana dariya, har ɗaya ya ce, “Da ma an rina!” Saura mako biyar a yi baje koli, ga rabin kuɗinmu ya tafi.

Mun ɗauka malam zai faɗa mana kuskurenmu. Sai ya ce kada mu yar da yadin, mu ninke shi mu ajiye, ranar Asabar za mu kai shi wurin waɗanda suka fi shi sani.

Hanyar Kano

Mun bar Wudil da misalin ƙarfe bakwai na safe a motar haya, tare da malaman biyu. Tafiyar kimanin kilomita 40 ce. Muka wuce gonakin dawa da aka fara girbewa, muka bi ta Mariri da Hotoro, cunkoso ya riƙe mu kaɗan, sannan muka sauka a Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala. Huɗu daga cikinmu ba su taɓa shiga cikin birni ba. Ga 'yan adaidaita sahu, ga masu talla, ga hayaniya ko'ina. Da ba a nuna mana ba, da sai mu wuce marinar ba mu san mun wuce ta ba.

A ƙofar shiga an rubuta shekarar 1498 a matsayin shekarar da aka kafa wurin. Malam ya sa muka yi lissafi a tsaye: sama da shekara 500 ke nan. Ya kuma tuna mana cewa shekarar ta faɗo cikin zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Abin da ya fara tarbar mu shi ne wari. Wasunmu suka toshe hanci, malama ta harare mu muka sauke hannu. Fili ne babba cike da ramuka masu zagayayyen baki, a jere kamar rijiyoyi. Mun fara ƙirgawa muka gaji, amma an ce mana sun haura ɗari. Kaɗan ne ake aiki a cikinsu. Sauran sun bushe, wasu ƙasa da leda sun cika su. A bakin masu rai kuwa, mutane ne zaune a kan 'yan kujeru, suna tsoma zane suna ɗagowa, a hankali, ba gaggawa.

Abin da dattijo ya gani a yadinmu

Muka durƙusa muka gaida wani dattijo da hannuwansa suka rine har gwiwar hannu. Shugabar rukuninmu ta miƙa masa yadin ta ce, “Baba, mun yi rini ne ya ƙi.” Ya warware, ya duba, ya sansana, sannan ya yi murmushi.

“'Yan jikokina, toka nawa kuka sa?”

Muka kalli juna. Ba mu sa toka ba.

“Kwana nawa ruwan ya yi kafin ku tsoma?”

Muka ce a ranar muka tsoma.

Ya ce, “To ai ba rini kuka yi ba, wankin ganye kuka yi wa yadi.”

Daga nan ya yi mana bayani. Ramin rini yana da zurfi, wasu sun kai mita 6, kuma ana shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsotse. Ana cika shi da ruwa, a zuba toka da katsi da busasshen baba. Katsi shi ne laka da ke kwanta a gindin ramin da ya gama aiki. A kwashe ta, a busar, a ƙona, a sake amfani da ita. Bayan an haɗa, sai a bar ruwan ya tsimu, ana motsa shi da doguwar muciya, kwanaki suna wucewa har makonni, sai kumfa mai duhu ta taso a sama. Marini yana gane ruwa ya nuna daga kumfarsa da warinsa. Warin nan da muka toshe wa hanci, in ji shi, shi ne alamar rami yana da rai.

Sai ya ɗauki wani farin ƙyalle ya ce mu zuba ido. Ya tsoma, ya ɗan jujjuya shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Mun zaci shuɗi za mu gani, sai ga shi kore-kore mai ratsin rawaya. Ya riƙe shi a iska. A gabanmu, cikin ɗan lokaci, koren ya riƙa juyewa har ya zama shuɗi. Wata a cikinmu ta ce, “Ikon Allah!” Dattijon ya ce, “Ikon Allah ne, 'yata. Sai ya sha iska yake kamawa.” Ya sake tsomawa ya ɗago, shuɗin ya ƙaru. Haka ake yi ta maimaitawa, mai son launin sararin sama a tsaya masa da wuri, mai son baƙi wuluk a daɗe ana yi.

Darasin kimiyya a bakin rami

A nan malam ya ce mu buɗe littattafanmu. Ya ce sinadarin shuɗi da ke fitowa daga baba ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa namu ya kwanta a kan yadi kawai, wanki ɗaya ya tafi da shi. A cikin rami kuwa akwai ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani. Su ne suke cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, su sauya sinadarin zuwa wani nau'i mai narkewa, mai launin kore-kore, wanda yake iya ratsa zaren auduga. Idan aka ɗago zane ya haɗu da oksijin na iska, sai sinadarin ya koma shuɗinsa marar narkewa, alhali yana cikin zare, ba ya da hanyar fita. Zurfin ramin da ƙanƙantar bakinsa suna rage iskar da ke shiga ruwan. Bahonmu mai faɗin baki kuwa akasin haka ne.

To toka fa? Mun zo da zoɓo marar sukari a gora, saboda mun taɓa yin gwaji da shi a aji. Muka zuba a kofi biyu. Muka matsa lemon tsami a ɗaya, ya ƙara ja. Muka roƙi ruwan toka a wurin dattijon muka ɗiga a ɗayan, nan take ya yi duhu ya koma kore. Malam ya ce lemon tsami asid ne, ruwan toka kuwa alkali ne, kuma rini ba ya yiwuwa sai ruwan ya zama alkali. Wani ya tambaya ko alƙalin kotu ake nufi, aka yi dariya har da marina. Malam ya ce kalmar daga Larabci ta fito, kuma asalin ma'anarta tokar tsirrai. Dattijon ya karɓi kofin ya daɗe yana kallo. Ya ce ya shekara sama da hamsin yana aiki da toka, bai taɓa ganin ta rina zoɓo ba. Ya sa muka sake yi a gaban ɗansa.

Zane da bugu

Malama ta ja mu gefen da aka shanya zannuwa. A nan muka gane cewa farin adon da ke jikinsu tun kafin rini ake yin sa. Mata ne a cikin gidaje suke ɗaure yadi ko su ɗinke shi tamau da zare, inda aka matse ruwan rini ba ya shiga, idan aka kwance sai ya fito fari. Ɗauri ɗaya da ɗan dutse a ciki yana ba da zobe. Ninki da ɗinki suna ba da layuka. Malama ta ce mu lura, mai ɗauri ba ta ganin adonta sai bayan an gama, don haka dole ta riƙe shi a ka, ta kuma iya ƙirga da awo. Kowannenmu ya kwafi ado biyu a littafinsa.

Daga nan muka bi ƙarar da muke ji tun shigowarmu, har mabuga. Maza ne zaune gaban wani katon gungume, kowa da ɗan bugu a hannu, suna dukan ninkakken zane bi da bi har ya yi santsi yana ƙyalli. Biyu daga cikin mazanmu suka gwada, kafin bugu goma hannu ya sage. Aka nuna mana turkuɗi, wanda garin Kura ya yi suna da shi, irin wanda Buzaye suke naɗawa. Wanda ya taɓa shi sai shuni ya hau yatsunsa. Malama ta ce mu tuna yadda ake kiran attajirai masu hannu da shuni.

Malam ya ƙara da cewa wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kai tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus. A ƙasar su Barth ɗin ne kuma kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta a 1897, irin wanda ake rina wandon jins da shi a yau. Dattijon ya ce su abin da ya fi taɓa su shi ne yadin waje mai araha, da kuma samari da ba sa son zama bakin rami.

A nan wani abu ya faru da ba mu zata ba. Akwai ɗan rukuninmu da tun farko bai so mu zaɓi rini ba, ko ganyen bai taya mu tsinka ba. Sai ga shi ya matsa kusa da dattijon ya ce, “Baba, kakana ma marini ne.” Ashe a ƙauyensu akwai karofi da aka daina aiki a cikinsa, yanzu shara ake zubawa. A firamare yara sun sha tsokanarsa da jikan mai baƙin hannu, shi ya sa bai taɓa faɗa mana ba. Dattijon ya tambaye shi ko kakan yana da rai, ya ce yana nan, sai dai ido ya yi rauni. Ya ce, “To ka gaishe shi, ka ce ɗan'uwansa na Ƙofar Mata yana gaisuwa. Kuma ka tambaye shi abin da ya sani tun yana iya faɗa maka.”

Gwaji na biyu

Mun sayi busasshen baba a wurin. Dattijon kuma ya cika mana gora da ruwan raminsa kyauta, ya ce mu zuba a namu, kamar yadda ake ɗiga tsohon nono a madara don ta yi kindirmo.

Da muka dawo, muka binne randa biyu har wuya a bayan ajinmu. Duka muka sa baba da ruwan ramin, amma ɗaya da ruwan toka, ɗaya babu, don mu tabbatar da kanmu. Kullum biyu daga cikinmu suna motsawa a hankali, su rubuta launi da wari da kumfa. Abokinmu ya riƙa zuwa wurin kakansa duk Juma'a yana kawo mana gyara; shi ne ya ce mu riƙa rufe randar da dare saboda sanyin hunturu yana kashe ruwa. A mako na uku randar toka ta yi kumfa mai duhu. Ɗayar kuwa ta ruɓe kawai.

Yadinmu bai yi duhun na Ƙofar Mata ba. Sau tara muka tsoma, muka samu shuɗi mai haske, da fararen zobba da wasunsu suka karkace saboda ɗaurinmu bai yi ƙarfi ba. Amma mun wanke shi sau uku bai zuba ba. Ranar baje koli muka rataye shi kusa da na farko mai dabbare-dabbare, da kofunan zoɓo a gaba. 'Yan tace ruwa ne suka zo na ɗaya, muka zo na biyu. Kakan abokinmu ya zo, an riƙo masa hannu. Ya shafa yadin, ya kai shi hanci, ya ce ruwan bai gama nuna ba muka tsoma, da mun ƙara kwana huɗu.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da za su je: ku tafi da safe, ku sa kayan da ba ku jin tsoron su ɓaci, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoto, kuma kada ku matsa bakin rami da wasa. Randarmu tana nan a binne, mun bar wa 'yan aji ɗaya, tare da littafin da muka rubuta komai a ciki.