Daga Yamai zuwa Jidda: awa 5 a sama

A ajinmu na yaƙi da jahilci, wani makiyayi ya tambaye ni: "Malam, kwana nawa jirgi yake yi kafin ya kai Makka?" Babansa ne zai tafi aikin hajji, ya sayar da shanu don kuɗin kujera. Ga amsar da na ba shi, don kowa ya ƙaru.

Jirgi ba ya sauka a Makka. A Jidda yake sauka, bakin Bahar Maliya, ko kuwa a Madina. Daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai zuwa Jidda, kilomita wajen 4000 ne. Jirgi yana cin kilomita kamar 800 cikin awa guda. Ku yi lissafi: 4000 a raba da 800, awa 5 ke nan. Daga Jidda sai a hau mota zuwa Makka, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba.

Raƙumi mai kaya yana yin kilomita 40 a yini. Ko bai huta ba, sai ya yi kwana 100. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya, su ratsa Cadi da Sudan, su ƙetare teku cikin jirgin ruwa. Suna tsayawa su yi noma don su sami guzuri. Wasu sukan yi shekaru a hanya, wasu suka zauna can. Har yau akwai Hausawa a garin Mai Wurno na Sudan.

Yanzu ƴan'uwa, ga abu biyu da za ku riƙe.

Na farko, daga Damagaram zuwa Yamai kilomita wajen 900 ne, amma mota tana shan yini guda. Ashe isa Yamai ya fi isa Jidda cin lokaci. Jirgi kuwa ba motar kasuwa ba ne, ba ya jiran kowa. Wanda ya makara, ya makara. Ku iso Yamai da wuri.

Na biyu, agogon Jidda yana gaban namu da awa 2, domin rana tana riga fitowa can gabas. In jirgi ya tashi ƙarfe 10 na safe, zai sauka ƙarfe 3 na yamma a agogonmu. A Jidda kuwa ƙarfe 5 ne. Lokacin sauka da aka rubuta a takardar jirgi, na can ne. Maniyyaci ya gyara agogonsa, kada ya ɓata lokacin salla.

Ɗalibin nan da kansa ya karanta wa babansa rana da awar tashi a takarda. Kai fa, in aka miƙo maka taka, wa zai karanta maka?