Ai Gaskiya Na Faɗa

Akwai zunuban da mutum yakan ji nauyinsu tun kafin ya kwanta barci. Wanda ya yi sata ya san ya yi sata, mazinaci kuma ba ya bukatar a gaya masa sunan abin da ya aikata. Amma tsegumi zunubi ne mai shiga majami'a da tufafin Lahadi, ya zauna a kujerar gaba, ya raira waƙa tare da mu, in an tashi sujada ya bi mu har gindin bishiyar da muke gaisawa. A shekarun da na yi ina kiwon garken Ubangiji, mutane da yawa sun zo wurina da hawaye suna furta shaye-shaye, da cin amanar aure, da zuwa wurin boka. Waɗanda suka zo suka ce, "Fasto, na ci naman ɗan'uwana a bayan idonsa," ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Idan kuwa aka tsare mutum a kan maganar da ya baza, amsarsa kusan kullum ɗaya ce: "Ai gaskiya na faɗa."

Bari mu auna wannan amsa da Maganar Allah. A 1 Sama'ila sura 21 da 22, Dawuda yana gudun Saul, ya biya ta Nob wurin Ahimelek firist. Ya ce wa firist ɗin sarki ne ya aike shi, Ahimelek kuwa ya ba shi tsattsarkar gurasa da takobin Goliyat. A ranar akwai wani mutumin Edom mai suna Doyeg, shugaban makiyayan Saul, yana kallo. Daga baya Saul ya zauna a Gibeya yana gunaguni cewa fadawansa duka sun haɗa masa kai, ba mai gaya masa kome. Sai Doyeg ya ga zarafi, ya ce ya ga Dawuda a Nob, ya ga an ba shi guzuri da takobi. Gurasar gaskiya ce, takobin ma gaskiya ne. Abin da bai fito a labarinsa ba shi ne Ahimelek bai san akwai wata tsama tsakanin sarki da surukinsa ba. A ranar nan firistoci 85 suka mutu ta hannun Doyeg, aka kuma hallaka garin Nob, maza da mata da yara har da dabbobi. Zabura ta 52, wadda kan maganarta ya danganta ta da wannan al'amari, ta kwatanta irin wannan harshe da aska mai kaifi.

Ka ga ke nan, gaskiyar magana ba ta wanke mai faɗinta. Akwai tambayoyi uku da Doyeg ba zai iya amsawa ba, kai ma ka yi wa kanka su. Wa ka gaya wa, shin mai iya gyara ne ko mai neman abin kamawa? Don me ka faɗa, don ceton wanda ake maganarsa ne ko don a san kana da labari? Me ka rage a ciki, wanda da ka faɗe shi da an ga ɗan'uwanka da wani ido dabam? Rabin gaskiya a kunnen mai fushi yakan yi ɓarnar da ƙarya ba ta iya yi ba, gama ƙarya ana iya ƙaryata ta, amma wa zai ƙaryata abin da ido ya gani?

Lokacin da muke koyon harsunan Littafi Mai Tsarki a makarantar tauhidi, kalmomi biyu sun zauna mini a zuciya. Ta farko tana cikin Littafin Firistoci 19:16, inda Allah ya hana mutanensa yawo da magana a tsakanin jama'a. Kalmar Ibrananci a wurin, rakil, 'yar'uwar kalmar da ake kiran ɗan kasuwa mai yawo da haja ce. Wato mai tsegumi ɗan talla ne: yana ɗauke da faifai daga gida zuwa gida, hajarsa kuwa mutuncin maƙwabcinsa. Ayar nan ɗaya ta haɗa wannan hali da jefa ran maƙwabci cikin hatsari, ayoyi biyu a gaba kuma aka umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci kamar kanmu. Ta biyu kalmar Helenanci ce, diyabolos, sunan Iblis, wadda ma'anarta mai yanke ne ko mai ɓata suna. Da wannan kalma Bulus ya yi gargaɗi a 1 Timoti 3:11 da Titus 2:3, ya kuma sa ta cikin halayen mutanen kwanakin ƙarshe a 2 Timoti 3:3. Wanda ya zauna yana ƙarar 'yan'uwa a bayan idonsu ya kama sana'ar da ke da mai ita. A Romawa sura ta fari ma, manzon ya jera masu raɗa da masu yanke a layi ɗaya da masu kisankai da maƙiyan Allah. Mu ne muka raba zunubi gida biyu, muka kira wannan ƙarami.

Kada kuma wani namiji ya karanta wannan ya ce maganar zumuntar mata ce. Doyeg namiji ne, kuma shugaba. Abin da ake faɗa a bakin rijiya, irinsa ake faɗa a teburin mai shayi da bayan taron dattawa.

A wata ikkilisiya da na taɓa hidima, muna da ma'aji, dattijo mai shiru, manomi. Shekarar da muke tara kuɗin ginin majami'a aka ga lissafi bai cika ba, a shekarar nan kuma ya rufe ɗakinsa da sabon kwano. Wani ɗan'uwa ya haɗa abubuwan nan biyu a baki ɗaya. Bai taɓa cewa ma'aji ya ci kuɗi ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Kuɗin gini ya ragu, gidan baba kuwa sai ƙyalli yake yi." Cikin 'yan makonni baiko ya ja baya, matar ma'ajin ta daina zuwa zumunta, 'ya'yansa suka ji ana kiransu 'ya'yan ɓarawo a makarantar Lahadi. Da dattawa suka zauna suka bi littafin, sai aka tarar kuɗin siminti ne aka biya ba a rubuta ba. Kwanon kuwa, sa ya sayar ya saya. Lissafi ya fita cikin yini ɗaya, amma dattijon nan ya ajiye makullin, ya koma kujerar baya, kansa a sunkuye.

A cikinmu masu bi, tsegumi yakan sa rigar addu'a. "Ina gaya miki ne don ki sa ta a addu'a," sai a zayyana asirin gidan wata, da abin da likita ya ce, da abin da mijinta ya yi, a rufe da "Allah ya kyauta" ba wanda ya durƙusa. Allah ya san sunan matar da damuwarta, ba ya bukatar mutum biyar su ji kafin ya amsa. Yanzu kuma ga waya a hannun kowa. Abin da dā yakan kwana uku kafin ya kai ƙauyen gaba, yau da yatsa ɗaya ake tura shi a WhatsApp ga mutanen da ba su taɓa ganin fuskar wanda ake magana a kansa ba. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba, shi ma ya ɗauki faifan talla.

Mai saurare ma yana da nasa kason. Karin Magana 18:8 ta kwatanta maganar mai tsegumi da loma mai daɗi wadda takan gangara can cikin ciki, a 26:20 kuma aka nuna cewa kamar yadda wuta takan mutu in ba itace, haka faɗa yakan kwanta in ba mai kai gulma. Kunnenka itace ne. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya sa an rubuta gargaɗi a teburin cin abincinsa cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri a teburin. Almajirinsa Posidiyus ya ba da labarin yadda ya taɓa tsawata wa wasu bishop-bishop abokansa da suka manta da rubutun, har ya ce ko dai a goge shi, ko shi ya tashi ya bar musu abincin. Kai ma kana da maganar da za ta kashe wutar ba tare da faɗa ba. Ka tambayi mai kawo labarin, "Ka yi magana da shi?" Ko ka ce, "Tashi mu je wurinsa tare." Da wuya ya sāke kawo maka haja.

Wannan koyarwa ba mayafi ba ce da za a lulluɓe mugunta da ita. Mutanen gidan Kuluwi sun kai wa Bulus labarin tsattsaguwar ikkilisiyar Koranti, shi kuwa ya ambaci inda ya ji a fili, domin maganar ta je wurin mai gyara ne. Ɗan 'yar'uwar Bulus ya ji mutum fiye da 40 sun yi rantsuwa za su kashe manzon, ya kai labari, aka ceci rai. Idan ana cutar yaro, ko ana dukan mace, ko ana cin dukiyar marayu, faɗa wa dattawa ko hukuma aikin ƙauna ne, shirun ne zai zama zunubi. A sauran laifofin da ke tsakanin 'yan'uwa kuwa, Ubangiji Yesu ya shimfiɗa hanya a Matiyu 18: ka fara zuwa wurin mutumin ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan ikkilisiya. Tsegumi yakan juya wannan tsari, kowa ya ji, mai laifin ne na ƙarshe.

To, ina mafita ga wanda Ruhu Mai Tsarki ya taɓa zuciyarsa? Ka duba Littafin Ƙidaya sura 12. Maryamu da Haruna sun yi maganar Musa saboda matar da ya aura, mutuniyar Kush, amma da suka ci gaba sai ainihin ciwon ya fito: kishin matsayinsa ne. Nassin ya ce Ubangiji ya ji. Maryamu ta kuturce, ta yi kwana bakwai a bayan zango, dukan jama'ar kuma ba su ci gaba da tafiya ba sai da aka komo da ita. Hirar mutum biyu ta tsayar da al'umma guda. Amma ka lura da Haruna. Bai ce raha suke yi ba, bai kuma ce ai gaskiya ne Musa ya auri baƙuwa ba. Ya kira abin wauta da zunubi, ya kuma roƙi wanda suka yi wa laifin. Nan tuba take farawa.

A Ibrananci kalmar tuba tana nufin juyowa, a Helenanci kuma sākewar tunani. Bulus ya bambanta baƙin ciki irin na duniya da wanda yake bisa ga nufin Allah a 2 Korintiyawa 7. Jin kunya don an gano kai ne tushen magana bai kai tuba ba. Ka fara zuwa gaban Allah ka kira zunubin da sunansa, har da saiwarsa, ko kishi ne, ko tsohuwar ƙullata, ko son a ce ka san kome. Yesu ya koyar cewa daga abin da ya cika zuciya baki yake magana, saboda haka ɗaure baki kaɗai ba ya warkarwa. Alkawarin 1 Yahaya 1:9 naka ne: Allah mai aminci ne, zai gafarta, zai kuma tsarkake.

Bayan haka sai biyan bashi. Zakka bai tsaya ga hawaye ba, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Wanda ya saci suna, suna zai mayar. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, ba ta komawa yadda take, amma wannan ba hujjar naɗe hannu ba ce. Ka koma wurin waɗanda ka gaya wa, ɗaya bayan ɗaya, ka ce abin da ka faɗa bai kamata ya fito daga bakinka ba, ka cika abin da ka rage. In a waya ka baza, a wayar za ka gyara. Idan mutumin ya san abin da ka yi, ka je ka nemi gafararsa ba tare da "amma" ba. Idan bai sani ba, kuma jin zai ƙara masa rauni kawai, ka nemi shawarar dattijo mai riƙon asiri kafin ka je.

Ɗan'uwan da ya yi maganar kwanon ma'aji ya bi wannan hanya. Bayan watanni, ran Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji, ya nemi izini ya miƙe a gaban jama'a. Ya ce bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma ya jera gaskiya biyu domin a haifi ƙarya, ya kuma yi haka ne don ya so a ba shi ma'ajin. Ya taka har kujerar baya ya durƙusa. Dattijon ya ɗaga shi, suka ci Jibi kafaɗa da kafaɗa. Matarsa ta ɗauki lokaci kafin ta koma zumunta, gama rauni ba ya warkewa ranar da aka sa magani. Amma ginin majami'ar ya ci gaba.

Idan kuwa kai ne aka ci namanka, ka tuna an kira Ubangijinka mai zarin ci da mashayi, shaidun zur kuma suka murɗe maganarsa game da Haikali. Bai rama ba, ya danƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. A kan gicciye ya ɗauki zunubin masu harshe irin na Doyeg, da naka, da nawa. Ishaya ya yi kuka cewa leɓunansa marasa tsarki ne, aka taɓa bakinsa da garwashi daga bagade, aka kawar da laifinsa, sa'an nan aka aike shi da saƙo. Bakin da Allah ya tsarkake yakan ba shi aiki.

Kafin ka sāke miƙa hannu ka karɓi gurasa da ƙoƙo, ka tuna da umarnin Matiyu 5, cewa mai kawo baiko da ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya fara zuwa su shirya. Idan akwai sunan da ya faɗo maka a rai tun da ka fara karatun nan, kada ka bari Lahadi ta zo ba ka nemi mai shi ba.

Ya Uba, kai da kake jin abin da ake raɗawa a ɗaki, ka gafarta mana maganganun da muka ɓata 'ya'yanka da su. Ka ba mu ƙarfin zuciya mu koma mu gyara, ka mai da bakinmu abin gina ikkilisiyarka. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.