Kowa da Abin da ya Kawo Shi: Zamana da Masu Raya Ƙasa a Malisa

Ɗalibin Hausa da ya tashi a ƙasar Gwandu ba sai ya yi nisa ba kafin ya ga yadda harshe yake riƙe da tarihin ƙasa. Masana tarihi sun ce sunan Gwandu ya samo asali ne daga gandu, watau gonakin sarauta na Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi. Garin Kalgo kuwa, da ke kusa da Birnin Kebbi, sunansa ɗaya da itacen nan mai ganye kamar kofaton raƙumi, wanda ake ɗaye ɓawonsa a tufka igiya. Ni a Malisa aka haife ni, kuma babbar gonar gidanmu sunanta Gindin Gawo. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin gawo a cikinta ba. Kakana ne ya sa aka sare shi a farin 1984, aka ba dabbobi ganyen, aka sayar da itacen aka auno hatsi. Suna ya saura, mai suna ya tafi.

A da, in aka ambaci ƙungiyoyin nan masu zaman kansu da ke aikin kiyaye ƙasa da itatuwa, abin da kan zo mini a rai shi ne 'yan boko masu farar mota, waɗanda za su zo su dasa 'yan itatuwa a ɗauke su hoto, su koma birni su bar awaki da sauran aikin. Ina nan a kan wannan zato har bazarar 2023, lokacin da na zo hutu na tarar wata ƙaramar ƙungiya tana neman wanda zai mayar mata da takardun wayar da kai zuwa Hausa, ya kuma riƙa rubuta abin da aka tattauna a taro. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ɗan abin da za a ba ni in cika kuɗin makaranta shi ya kai ni. Mako shida na yi tare da su tsakanin Malisa da ƙauyukan Kalgo, kuma mutanen da na tarar su ne dalilin wannan rubutu.

Babbansu wani dattijo ne, tsohon malamin daji da ya yi ritaya. Ya shafe fiye da shekara talatin yana karɓe gatura daga hannun masu saran itace yana cin su tara. Wata rana muna hutawa a gindin wata tsamiya na tambaye shi abin da ya hana shi zama gida ya huta. Ya ce, "Ɗana, gatari nawa munka amsa? Ba su ƙirguwa. Amma dajin da anka ba mu tsaro, ina shi yanzu?" Abin da ya gane a ƙarshen aikinsa shi ne, tarar da suka riƙa ci ta koya wa manomi cewa itace ba nasa ba ne, na hukuma ne, saboda haka gara ya tumɓuke shi tun yana tsiro kafin ya zame masa shari'a. Wannan dattijo ya shiga ƙungiya ne domin ya warware abin da ya ƙulla da hannunsa.

Sai wata gwauruwa da kowa ke kira Inna, wadda sana'arta sayar da itacen girki. Na yi mamakin ganinta a cikinsu, domin a ganina kura ce aka ba ajiyar nama. Amma babu wanda ya kai ta sanin itace. Ta san wanda in an sare shi yake sake toho, kamar sabara da kalgo da geza, ta san wanda sara ɗaya ke kashewa. Ta ce tana yarinya bayan gari kawai ake fita a yi dami, yanzu kuwa sai ta yi sammako, ba ta dawowa sai azahar. Ƙafafunta ne suka gaya mata daji yana gudu tun kafin wani masani ya faɗa. Ita ba ta son itace don kyansa. So take ya wanzu domin 'ya'yanta su sami abin sayarwa, masu jego kuma su sami ganyen sabara na wanka.

Akwai kuma wani Bafulatani makiyayi, mutum mai ƙarancin magana. Shi damuwarsa burtali da mashaya, da 'ya'yan gawo da na kalgo waɗanda ke riƙe dabba a ƙarshen rani sa'ad da ciyawa ta ƙare. Ya faɗa a fili cewa ya shigo ne don kada a yanke shawara a kan daji ba ya nan, gama ya sha ganin an kewaye fili da sunan dashe, an toshe wa shanu hanya. Sa'an nan ga wani malamin makarantar allo, wanda abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne aduwar da masassaƙa ke yin allo da ita ta yi wuya, ƙaron haɗa tawada ma sai an saya da tsada. Ƙaramarsu ita ce wata budurwa 'yar Kalgo da ta karanta labarin ƙasa a jami'a. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta haɗa da ta mahaifinta. Ita ce ke nuna mana hotunan tauraron ɗan'adam a wayarta, tana bayyana yadda tudun da aka tsiraita ba ya shan ruwa, sai ya koro shi da yashi zuwa fadama, ya bar fako da kwazazzabai a baya.

Kada mai karatu ya ɗauka kansu a haɗe yake kullum. Na halarci wani zama a kan wani fako da ke gefen gari, inda aka kusa watsewa baram-baram. Budurwar tana son a hana shiga wurin shekara uku, a haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwa. Makiyayin ya ce ta nan shanu ke bi zuwa ruwa. Inna ta ce in an rufe, ita ina za ta nufa? Ana cikin haka sai malamin ya yi gyaran murya, ya tuna musu cewa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan Gwandu, ya wallafa littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, inda ya yi bayanin hurumin gari, wurin da jama'a ke yin itace da kiwo, da kuma filin da shugaba kan keɓe don amfanin kowa. Ya ce ashe ba baƙon al'amari suke yi ba, tsohon hukunci ne aka manta. Daga nan murya ta sauka. Aka raba fakon biyu, aka bar wa shanu hanya ta gefen gabas, aka yarda mata su riƙa kwasar rassan da aka rage. Babu wanda ya sami dukan abin da yake so, kuma ina jin shi ya sa yarjejeniyar ta zauna.

Da na koma karatu na bincika, sai na ga haka abin yake a wasu wurare. Cif S. L. Edu, wanda ya jagoranci kafa Gidauniyar Kiyaye Halittu ta Nijeriya a 1980, ɗan kasuwa ne a Ikko. Wangari Maathai ta Kenya malamar jami'a ce, kuma koken matan karkara a kan itacen girki da ruwan sha ne ya sa ta fara gangamin dashe a 1977, har ta sami lambar Nobel a 2004. Yakubu Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, manomi ne da ya raya fako da tsohuwar dabarar haƙa ramuka ana zuba taki. A Maradi kuwa, wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan, ya yi ta dashe yana mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsirrai da ke cikin gonaki ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, a rage sauran, a bar su su girma. Manoman Nijar suka sa mata suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, kuma abin bai bunƙasa ba sai da manoma suka tabbata itacen gonarsu nasu ne. Shi da Sawadogo an ba su lambar Right Livelihood a 2018. Jiharmu ma tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, amma katanga komai girmanta da hannun mutanen gari ake gina ta.

Wannan dabara ta Maradi ita ce ƙungiyar ke yaɗawa, ita ce kuma na fassara. Na zauna na tsara takarda da Hausar jami'a, na cika ta da "kare muhalli" da "sauyin yanayi" da "ci gaba mai ɗorewa", ina ji da kaina. Na ce bari in fara da gida. Bayan sallar isha'i na karanta wa mahaifina ita tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara, sa'an nan ya ce, "Mi ake nuhi da muhalli? Ni gona nis sani." Da na bayyana masa cewa so ake ya bar sabara da kalgo a gona, sai ya ce manomin kirki ba ya barin gonarsa da datti, mutane za su ce tsufa ya kama shi ko kuwa 'ya'yansa ragwaye ne. Ya ƙara da cewa itace yana tara tsuntsaye su ci gero, kuma in ya girma sai an nemi izni kafin a taɓa shi. Na rasa amsa. Shekara uku ina nazarin Hausa, ga shi na kasa yi wa ubana magana da ita.

Kwana biyu bayan haka dattijon nan da Inna suka biyo ta gonarmu muna sassabe. Ba su zo da takarda ba. Dattijon ya gaisa da Baba, ya tambaye shi sunan gonar, ko da yake ya sani. Baba ya ce Gindin Gawo. Ya ce, "To, Malam, ina gawon?" Baba ya yi shiru, sa'an nan ya nuna wurin da sanda, ya fara ba da labari da kansa: yadda geron gindinsa ya fi na ko'ina, domin gawo a damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, dabbobi kuma su kwana ƙarƙashinsa da rani su bar taki. Dattijon ya ce masa shi ne mai cin tara a da, kuma ga shi a gaban shaidu yana cewa abin da ya tsira a gonar mutum nasa ne, sun kuma yi magana da hakimi a kan haka. Inna ta durƙusa gaban wata sabara, ta rage ta da adda ta bar rassa uku, ta ɗaure abin da ta sare ta ce a kai wa mahaifiyata. Ran nan Baba ya yarda a bar kututture ashirin a gefen yamma, inda ya ce ko an yi asara ba ta da yawa.

Ba zan ce gonarmu ta koma daji ba. Awaki sun cinye wasu, wani kuma ya bi dare ya sare huɗu. Amma goma sha ɗaya sun tsaya, wasunsu sun fi ni tsawo, kuma a gindinsu iskar bazara kan tara ganye da ƙura maimakon ta kwashe. A tsakaninsu aka sami ɗan gawo guda, wanda Baba ya kewaye da ƙaya da hannunsa, bai gaya wa kowa ba.

'Yan'uwana ɗalibai, abin da na koya shi ne, a cikin mutanen nan biyar babu wanda kalmar muhalli ta kawo. Wani nadama ta kawo shi, wata nisan daji, wani yunwar shanunsa, wani allon almajiransa, wata gonar ubanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk wanda ke son a riƙa masa wannan aiki sai ya fara tambayar mutum inda nasa ɗakin ke zuba. A nan ne muke da rabo. Tun daga lokacin nake bin Inna da irinta da littafi, ina rubuta sunayen itatuwa da amfaninsu da karin maganar da ke kansu, domin na lura ƙannena sun san sunan marke da ƙirya, amma ba za su iya nuna su ba. Ina roƙon duk wanda zai je hutu ƙauyensu ya yi haka, ya tambayi tsofaffi sunayen gonaki da abin da ya sa aka sa musu. Allah ya raya mana ƙasarmu, ya ba mu damina mai albarka, amin.