Zuru: Motar da ba ta shan mai

Da sassafe muka taso daga Birnin Kebbi, ni da ɗana mai shekara takwas. Muka bi ta Jega muka gangara Koko, daga nan muka karkata gabas ta Mahuta da Dabai. Hutun ƙarshen shekara ne, hunturu ya fara busawa, kwana biyar kacal na samu daga asibiti. Yayata da ke aure a Zuru ta daɗe tana yi mini gori, wai marasa lafiya sun fi ta gata a wurina.

Duk wadda ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewacin Kebbi, idan ta doshi Zuru za ta ga ƙasa ta sauya mata fuska. Tuddai da duwatsu sun taso, itatuwa sun ƙara kauri, ga karan dawa an tsittsibe a bakin gonaki bayan girbi. Nan ce ƙasar Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, mutanen da aka sani da noma da kokawa da aikin soja, da bikin Uhola na godiya bayan an kawo amfanin gona gida. A zuri'a ɗaya sai ki tarar da Musulmi da Kirista, suna zuwa sunan juna da jana'izar juna. Na yi ta taɓa ɗana ina cewa ya ɗaga kai ya kalli duwatsu. Bai ɗaga ba. Wayata ce a hannunsa tun daga Jega, yana tseren mota a cikinta, kuma ni na miƙa masa don in huta da ƙorafi. Na san da yawa daga cikinmu mun san wannan cinikin.

Ba zan ɓoye muku ba, da ɗar-ɗar na yi tafiyar. Kowa ya ji abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba a 'yan shekarun nan. Cikin garin Zuru dai kasuwa na ci, 'yan makaranta da ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya, wadda aka kafa a 2020, suna ta kai da kawo. Amma Yaya ta ce yanzu ba ta barin yara su yi nisa kamar da, ba zuwa gindin dutse, ba bin abokai gona. Tsakar gida ce duniyarsu. Na tausaya musu, har sai da na ga abin da suka mayar da tsakar gidan.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki tsintsiya in taya Yaya shara. A bayan rumbu na ci karo da tarin tarkace: marafan robar lemo, tsofaffin silifas, ƙwanson biro, tsinken tsire, gwangwanin madara. Har na fara turawa cikin abin kwasar shara sai ga babban ɗanta, mai shekara goma sha ɗaya, ya fito a guje ko takalmi babu.

"Inna, don Allah tsaya! Garejina ne."

Na ce, "Gareji? Wannan bolar?"

Bai yi musu ba. Ya sa hannu ƙarƙashin rumbu ya jawo wata 'yar mota, ya ɗora ta a kan simintin ƙofar ɗaki, ya ja ta baya a hankali tana 'yar ƙara, sannan ya saki. Motar ta zabura ta ratsa simintin, ta tsorata wata kaza, ta je ta daki turmi. Babu batir, babu igiya, babu wanda ya tura ta. Ina juyowa na ga ɗana tsaye a bakin ƙofa, baki buɗe. Rabon da in ga wannan kallon a fuskarsa har na manta.

Motar kara da ta gwangwani ba baƙi ba ne gare mu. Yayyenmu maza sun yi su, suna turawa da dogon kara suna kukan inji da baki. Wannan dai ita ke tafiyar da kanta, shi ya sa na ajiye tsintsiya na ce ya nuna mini cikinta.

Jikinta robar ruwan sha ce da aka yanke gefe ɗaya. Ya huda ta gaba da baya, ya zura ƙwanson biro a kowace huda, sannan ya zura tsinken tsire a cikin ƙwanson, yadda tsinken zai riƙa juyawa ba tare da ya goge jikin motar ba. Tayoyin gaba marafan roba ne, na baya kuwa da'ira ce da ya yanko daga tsohon silifas. Injin duka-duka robar ɗaure kuɗi ce guda uku da ya sarƙa su suka zama doguwa ɗaya. Ya ɗaure bakinta ɗaya a ƙusa a goshin motar, ɗaya bakin ya rataya a wani ɗan guntun tsinke da ya kafa a tsakiyar sandar tayoyin baya.

Idan ya ja motar baya, tayoyin baya suna juyawa, sandar tana nannaɗe robar a jikinta, robar tana miƙewa. Ƙarfin hannunsa ne yake shiga cikin robar ya zauna, kamar kuɗi a asusu. Da ya saki, robar tana son komawa tsawonta na asali, ba ta da hanyar komawa kuwa sai ta warware, ba za ta warware ba sai ta juya sandar, sandar ta juya taya, taya ta tura ƙasa baya, mota ta yi gaba. Ƙarfin da ya zuba shi yake karɓa, ba ƙari, har ma da ɗan ragi, domin wani yana lalacewa wurin gogayya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan guntun tsinken nan. Na tambaye shi me ya hana ya ƙulle robar a jikin sandar kawai. Ya dube ni irin duban da muke yi wa sabuwar ɗaliba a ɗakin allura.

"Inna, in na ƙulle, tana gama warwarewa sai ta fara naɗewa ta ɗaya gefen, motar ta tsaya ta dawo baya. In rataya ce, sai ta zame ta faɗi, motar ta ci gaba da gudunta."

Ba wanda ya koya masa. Ya ce motoci biyu ya yi suna dawowa baya kafin ya gane.

Daga nan ya shiga ba ni labarin cututtukan mota, ni kuma na zauna a kan turmi kamar mai karɓar rahoton dare. In tayar baya ta yi santsi, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, ƙarfin robar ya ƙare a banza. Maganinsa a naɗa wata robar a bakin tayar, ko a ɗora ɗan dutse a bayan motar don ta danne ƙasa. In dutsen ya yi nauyi kuma, ba za ta tashi ba. Sandar da ke cikin ƙwanson biro ita kuma santsi take so, don haka yake goga mata sabulu. Wato abu ɗaya ne, gogayya, ana nemanta a taya ana gudunta a sanda. A kan yashi motar ba ta zuwa ko'ina, shi ya sa simintin ƙofar ɗakin Yaya ya zama filin tsere, ita kuma ta gaji da faɗa ta ƙyale su.

Batun girman taya ne ya sa na ɗauko biro da takarda. Duk juyi ɗaya na sanda, motar tana cin nisan zagayen tayarta ne. Marfin roba mai faɗin santimita 3 zagayensa bai kai santimita 10 ba. Tayar silifas mai faɗin santimita 7 zagayenta santimita 22 ne. In robar ta juya sandar sau 20, mai marfi ba ta cika mita 2 ba, mai silifas kuwa ta haura mita 4. Sai dai babbar taya tana da nauyin tashi, ƙarama ta fi zabura. Yaron bai san lissafin ba, amma ya san sakamakon, domin yana da motar zabura daban da motar nisa daban. Da na nuna masa lissafin a takarda ya yi shiru, can ya ce, "Ashe abin da ake koya mana ke nan." A makaranta kuwa, in ji uwarsa, lissafi ne ya fi ba shi wuya.

Ita kanta robar abin kallo ce. Asalinta farin ruwan da ake tatsa ne daga jikin itacen roba, irin wanda ake nomawa a jihohin Edo da Delta. A cikinta akwai dogayen zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, a cukurkuɗe kamar taliyar da aka dafa. In kin ja sai su miƙe, in kin saki su koma su cukurkuɗe. Ki gwada wannan: ki ja roba mai kauri da sauri ki taɓa ta a leɓenki, za ki ji ɗumi, ki sassauta ta ki sake taɓawa, za ki ji sanyi. Yaran sun yini suna yi. Rana da tsufa suna lalata zarurrukan, shi ya sa robar da ta kwana biyu a taga take tsinkewa da an taɓa ta. Ni abin ya tuna mini da aikina. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya haka take, tana buɗewa da kowane bugu, ta matse ta tura jini gaba kafin bugu na gaba ya zo. In shekaru suka ja ta yi tauri, lambar sama ta awon jini sai ta hau.

Robar ɗaure kuɗin da muke rainawa, a 1845 wani ɗan Ingila, Stephen Perry, ya yi mata rajista a Landan. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi ɗan jirgin wasa mai farfela a birnin Paris da murɗaɗɗiyar roba. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa maza biyu abin wasa mai tashi sama irin na Pénaud. Suka yi ta wasa da shi har ya lalace, suka ƙera nasu. Su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi jirgin sama mai inji a 1903. Ba sai mun je nesa ba ma. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya yi karatu kafin ya wuce Amurka. Ba ina cewa duk mai gareji a bayan rumbu zai zama su ba ne. Na dai ji kunyar tsintsiyar da ke hannuna.

To amma ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma idona bai daina ganin abin da ya saba gani ba. Da tsohuwar reza mai tsatsa yaron yake yanka silifas, da ƙusar da ya gasa a murhu yake huda marafai. Na ɗinke yatsun yara da yawa. Yankan reza ko gwangwani mai datti hanya ce ta cutar tetanus, wadda muke kira sarƙe-haƙora, don haka a duba katin rigakafin yaro, in kuma ya yanke sosai a wanke da ruwa da sabulu a kai shi asibiti, kada a zuba toka ko ƙasa. Robar da aka ja ta kuɓuce tana iya samun ido. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai rarrafe. Yaya tana da 'yar wata goma, komai baki take kaiwa, guntun tsinke ko ƙaramin marfi na iya shaƙe ta. Roba kuma in ta naɗe a yatsa ko wuyan hannun jariri mai ƙiba, tana iya nutsewa cikin naman ba a gani ba, ta tsare jini. In jariri ya yi ta kuka ba dalili, a tuɓe shi a duba yatsun hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka ban ce a rufe garejin ba. Motar kanti ma ba ta kuɓuta ba: ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli, in yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona shi. Yarjejeniya muka yi. Na saya masa almakashi mai ƙarfi a kasuwa, na karɓe rezar. Huda da ƙusa mai zafi sai babba na wurin. Tarkacen kuma suka koma cikin tsohon bokitin fenti mai marfi, a saman katanga, inda ƙanwarsa ba ta kaiwa.

Kwana ukun da suka rage, sau ɗaya ɗana ya nemi wayata, shi ma don ya auna daƙiƙa nawa motar take yi kafin ta kai turmi. Motarsa ta farko ta karkace ta shiga kwata, don hudar ba ta daidaita ba. Ya yi kuka, ɗan'uwansa ya ce masa shi ma haka ya fara. Ta biyu ta yi ta juya taya a wuri ɗaya. Ta uku ta tafi, ba ta kai turmi ba, amma ta wuce randa, kuma duk gidan sai da aka kira kowa ya zo ya gani, har da mijin Yaya da ke shirin fita masallaci.

Ranar komawa muka fito da wuri don mu isa Koko da sauran rana. Yaya ta cika mana buhu da dawa da gyaɗa. A tasha na ciro kuɗin mota, na zare robar da ta ɗaure su zan yar, sai na ji an riƙe mini hannu.

"Mama, ba ni. Kuma in kin je asibiti, in an gama da ƙwanson biro, kar a zubar."