Kifin da na ƙaryata

Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar ƙasar Magarya na zalunci wani yaro a gaban 'yan ajinsu, kuma kifi ne sanadi.

Darasin ranar a kan numfashin dabbobin ruwa ne. Sai na kawo misali da kifin tekun nan mai ganga, wanda 'yan kasuwar Najeriya ke kira kuroka, don na san shi sosai a takarda. Danginsa sun haura nau'i 250 a duniya. Na gaɓar Afirka ta Yamma, daga Senegal har Angola, yana zama a ruwa marar zurfi mai laka da yashi, yana farautar jatan lande da ƙananan kifaye, 'ya'yansa kuma suna girma kusa da bakin koguna. A cikinsa akwai jakar iska, ga wata tsoka da namijin ke karkaɗawa a jikinta, sai a ji gurnani daga ƙarƙashin ruwa, musamman lokacin barbara. Na bayyana wannan duka da alfahari, na ƙare da cewa duk kifin da ya rabu da ruwa ya mutu, babu togiya.

Wani yaro daga wajen Waca ya ɗaga hannu. "Mushe, ban da gaiwa. Babanmu yana haƙo ta a busasshiyar ƙasa da rani, da ranta." Aji ya kwashe da dariya. Maimakon in tsawatar, sai na ce masa ya riƙa barin tatsuniya a gida.

Da bazara mahaifinsa ya same ni, riƙe da dunƙulen busasshiyar laka a cikin buhu. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, an ce ka ce ɗana maƙaryaci ne. Ga shi, fasa da hannunka." Na fasa a hankali. Ga gaiwa a naɗe, wutsiya ta rufe kai, jikinta cikin wani ɓawo siriri mai launin ƙasa, da 'yar kafa daidai bakinta. Muka sa ta a bokitin ruwa. Ɓawon ya jiƙe, ta fara motsi kaɗan-kaɗan, can sai ta ɗago kai ta zuƙi iska.

Gaiwa tana da huhu. Ko a cikin ruwa sai ta riƙa leƙowa tana shaƙar iska, in aka hana ta kuwa nutsewa za ta yi ta mutu. Idan tafki ya fara ja baya sai ta nutsa cikin laka, ta fitar da majina ta lulluɓe kanta, majinar ta bushe ta tsare mata damshin jiki. Bugun zuciyarta ya ragu, ba ci ba sha, har damina ta dawo. Tsofaffi na cewa jikinta take ci, kuma gaskiyarsu, domin tsokar jikinta take narkarwa ta rayu. Da ruwa ya sauka ake haihuwa, namiji ne ma ke gadin ƙwai a cikin rami. Duk wannan yana faruwa a tafkunan kwarin Korama, nan ƙasar Magarya da Dungas, ni kuwa da ke karɓar albashi da sunan ilimin halittu hankalina yana can teku, ɗaruruwan kilomita daga ajin da nake tsaye.

Na nemi gafarar dattijon, washegari kuma na tsaya gaban aji na ce yaron ne mai gaskiya, ni na yi kuskure. Sai dai an riga an yi ɓarna. Yaron da a da ba ya rabo da tambaya ya koma bayan aji ya kama bakinsa, kuma har shekara ta ƙare ban ga hannunsa a sama ba. Rashin sanin gaiwa ƙaramin laifi ne, ana gyara shi da karatun dare ɗaya. Dariyar da na ɗaure wa gindi ita ce har yau take damuna.

Yashi da kacala suna ta cinye tafkunan Korama, masuntan da suka san makwancin gaiwa kuma suna tsufa. Ina roƙon 'yan'uwana malamai na Magarya, Bande, Guci da Dungas, kafin ruwan farko ya sauka, ku nemi masunci ya raka ɗalibanku bakin tafkin da ya ƙafe, ku bar shi ya yi musu bayani.